Jan Biro Na Uku

Tun ranar da Darakta ya tsaya a bakin layin nan ya haɗa yatsunsa kamar taga yana leƙe ta ciki, na ce masa mu nemi wani wuri.

"Baba Takarda, dubi gidajen nan," in ji shi. "Dubi ƙofofin katakon nan. Ko fenti ba sai mun shafa ba. Shekara arba'in baya muke nema, ga ta nan a tsaye tana jiranmu."

"Layin matsattse ne. Manyan motoci ba za su juya ba."

"Su san yadda za su yi."

"Akwai kafinta a tsakiyar layin, injinsa ba ya hutawa."

"To ba aikinka ke nan ba? Ka je ka lallashe shi."

Ban gaya masa kafintan ƙanena ne ba, uwa ɗaya uba ɗaya, autan gidanmu, kuma shekara tara ke nan rabon da ya amsa min sallama.

Aikina a harkar fim ba ya fitowa a hoto. Ni ne mai shiga ofishin birni in fito da takardar izini: layi kaza, rana kaza, daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, mota nawa, a wane gefe za su tsaya, janareto a ina, kuma ƙararsa kada ta wuce abin da na'urarsu ta yarda da shi. Ba kowa ake ba takardar ba, sai mai kati. Katin kuwa sunan mutum ne a kai, ba na kamfani ba. In aka yi laifi, kamfani ya naɗe wayoyinsa ya yi gaba, jan biro ya hau kan fayil ɗina. Ina da biyu. Na farko, janareto ya yi ta ruri a bayan wata makaranta ana jarrabawa. Na biyu, wani direba ya ɗora taya a kan famfon 'yan kwana-kwana ya tafi aski. In na uku ya hau, an karɓe kati ke nan, kuma ba a mayarwa. Mutum mai shekara sittin da huɗu da ciwon gwiwa, in aka raba shi da kati, ko ɗaukar fitila ba mai kiransa.

Abin da ke tsakanina da Auta shi ma layi ne da mota. Wancan lokacin wani fim ya rasa wuri, na kai su layin gidanmu, inda Inna take kwance ba lafiya. Na cika layin da manyan motoci biyar, duk bisa izini, ko harafi ban karya ba. Da rana tsaka numfashinta ya sarƙe. Auta ya sa ta a mota, ya iso bakin layi ya tarar da motar janareto a gicciye, direban ya tafi cin abinci da makulli a aljihu. Minti ashirin da biyar ana nemansa. Daga ƙarshe a hannu suka ɗauke ta, suna tsallake wayoyi har babban titi. Bayan kwana biyu ta rasu a asibiti. Likita ya ce ko da an kawo ta da wuri, abin da zai faru ke nan. Ni na riƙe maganar likita, Auta ya riƙe minti ashirin da biyar ɗinsa.

Ya kai ƙara ofishin birni, aka buɗe fayil aka nuna masa komai nawa daidai yake. Bai fito daga ofishin ba sai da littafin dokokinsu a hannu. Shi ne mai boko a gidanmu. Ni a bakin tagar ofis na haddace dokar, shi a kan gado ya karanta ta, shafi bayan shafi, kamar mai neman sunansa a ciki.

Dokar ajiye mota ba ta da wuyar ganewa. Kwana biyu kafin ranar ɗauka, mai kati zai ɗaure allunan hana ajiye mota a jikin sandunan layin. Su kwana biyu a nan, kuma su ci gaba da zama har motar ƙarshe ta fita. In suna nan, duk wanda ya ajiye mota ana iya janye ta. In suka sauka ko na minti ɗaya ne, lissafin kwana biyu ya koma farko, izini ya mutu, sai fa in wani mazaunin layin ne ya cire su. To wannan shi ne zai ji a jikinsa.

Ranar Talata na je da alluna goma sha biyu, na roba, ruwan ɗorawa, da waya da filaya. Kowanne na ɗaure sai in ja baya in ɗauke shi hoto. Sanda ta shida a daidai ƙofar shagon Auta take. Ina cikin murɗa waya matarsa ta leƙo daga ƙofar gida, don gidan a bayan shagon yake.

"Yaya, ina wuni," ta ce a hankali, tana waige. "Kai ma ka san halin mutumin. Da ka bar layin nan."

"Ba ni na zaɓa ba."

Sai ga shi ya fito, garin katako har gira. Ya tsufa fiye da yadda na zata, ga furfura ga tumbi. Bai dube ni ba. Ya sa tabarau ya karanta allon daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun da ni ban taɓa damuwa da su ba. Sannan ya juya ga matarsa.

"Ki gaya wa mutumin nan allonsa ya karkace."

Na gyara shi. Ya koma ciki.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai daidai motoci suka shiga, huɗu, kowacce a inda takarda ta ce. Janareto kuwa na hana shi shiga layin sam. Na tsayar da shi a kwanar babban titi, bayan wani dogon bango da zai shanye ƙarar, aka ja waya mai tsawo. Masu lantarki suna ta ƙunƙuni wai na ƙara musu aiki, na ce su yi ƙunƙunin da hannu a kan waya. Wannan ya ci mini kusan minti arba'in.

Da na dawo, wallahi sai da na tsaya. Layin ya koma kamar ina saurayi. Tsofaffin kekuna a jingine, tsohon allo a saman shagon aski, rediyo mai eriya a kan benci, har da irin labulen da muka taso muka gani. Ina cikin kallo sai na ɗaga kai. Sandunan tsirara suke. Ko allo ɗaya babu.

Kuma a daidai gaban shagon askin, inda jarumin zai tako ya tsaya ya yi maganarsa, ga motar kaya shuɗiya, sabuwa fil, da lambar waya rubuce a jikinta da manyan baƙaƙe. Motar Auta.

Na sami Mai Kwalliya a kan tsani tana rataya wata tsohuwar fitila. Ita ce mai shirya wuri ya yi kama da zamanin da ake so. Ta iya aikinta, amma duk rayuwarta a cikin ɗaki take yin sa, wannan ne karonta na farko a titi.

"'Yata, ina alluna?"

"Na sauke su, Baba. Suna cikin motar kayanmu, ban ɓata ko ɗaya ba."

"Wa ya ce ki sauke?"

"Haba Baba, roba fa, ruwan ɗorawa, da lambar waya! A wancan zamanin ina aka ga wannan? Duk inda kyamara ta juya suna ciki. In an gama ai sai a mayar."

Me zan ce mata? A wurinta duk abin da bai dace da hoto ba datti ne. Da ni kaina na tsaya a wurin da sabon takalmi, da ta sauke ni ta sa a mota.

Na nufi shagon. Auta yana tsaye a ƙofa da kofin shayi, kamar mai jiran baƙo.

"Auta, ka janye motar nan."

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi wani mai lantarki da ke wucewa da waya a kafaɗa.

"Malam, zo. Kai ma'aikacinsu ne? Tambayar min mutumin nan, wane allo ne ya hana ni ajiye mota a layinmu?"

"Ka gan su shekaranjiya. Da bakinka ka ce ɗaya ya karkace."

"Ka gaya masa shekaranjiya daban, yau daban." Ya ciro waya ya nuna wa mai lantarkin, amma ya karkata ta yadda zan gani. "Ga sanda ta ɗaya, bakwai da minti talatin da biyar, babu komai. Ga ta biyu. Ga har ta goma sha biyu. Ga motata, bakwai da arba'in. Na kuma kira ofis, sun ce sifeto na tafe kafin sha ɗaya."

Mai lantarki ya dube ni, ya dube shi, ya sulale.

Auta ya kurɓe sauran shayinsa, ya shiga, ya kunna injin zarto.

Wanda bai taɓa jin injin nan a matsattsen layi ba, ba zai gane ba. Ƙarar tana dukan bango ta dawo ta daki haƙori. Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya yar, ya riƙe kai.

"Baba, wannan ai a cikin ƙwaƙwalwata yake yanka! Ko jarumin ihu zai yi ba abin da zai shiga."

Darakta ya taho kamar zai tashi sama. "Kai kana da takarda ko ba ka da ita? Je ka nuna masa, ya kashe abin nan!"

"Ƙararmu takardar ta ƙayyade, ba tasa ba. Shi yana da ikon yin aikinsa har shida na yamma."

"To wace irin takarda ce wannan?"

"Irin wadda ake bayarwa."

Ya ture ni ya shiga shagon da kansa, ni ina biye. Ya fara da murmushi, da "sannu da aiki, Oga Kafinta," da ihu don a ji shi. Ya ce minti goma-goma kawai muke nema, in aka ce a kashe a kashe, in aka ce a kunna a kunna. Ya ce ma yana neman fuska irin tasa, dattijo mai kamala, zai sa shi a fim yana feƙe katako a baya, duk duniya ta gan shi.

Auta ya rage injin kaɗan. "Yaro, da wannan fuskar? Ka ba dattijon da ke bayanka, shi ya iya wasa. Na ga ya yi kuka a wurin jana'iza, kowa ya yarda."

"Ka san shi ne?"

"Cikin da ya ɗauke shi ne ya ɗauke ni. Ba ni na zaɓa ba."

Ya mayar da injin yadda yake.

A waje Darakta ya ja ni bayan mota. Idonsa ya yi ja. "Ƙaninka? Ƙaninka, kuma ka yi shiru? Ka bar ni na kwaso mutum arba'in da jarumin da gobe zai bar gari, na kawo su cikin faɗan gidanku?"

"Na ce maka mu nemi wani wuri."

"Ka ce layi matsattse ne!" Na gaya masa zancen allunan da sifeton da ke tafe. Ya shafa kai, ya zagaya, ya dawo. "A mayar da allunan yanzu."

"Auta yana da hoto da lokaci a jiki. Mayarwa ba ta gyara komai."

"To me zai gyara?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma baki ya saba zuba doka, sai na ji ina cewa, "Sai in mazaunin layi ne ya cire."

Ya tsaya cak. Na ga maganar tana sauka a kansa kamar ruwa a ƙasa busasshiya.

"In shi ya cire fa?"

"Izini na nan. A janye motarsa. Shagonsa kuma a tsakiyar gidaje yake, tsohuwar takardar alfarma ce ke riƙe da shi. Laifi ɗaya a kan kayan hukuma, su sa kwaɗo a ƙofar."

"Injin ya mutu ke nan."

"Ya mutu."

"Baba, kai suka sani a ofishin nan. Abin da ka faɗa shi za a rubuta." Ya rage murya. "Akwai lungu a bayan shagon, inda yake tara katako. Na gani ɗazu."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce bari in je in duba janareto. Janareto lafiyarsa ƙalau, na san haka tun kafin in tafi. Na tsaya a bayan bangon nan na ɓata kwata guda ina kallon motoci suna wucewa. Da na dawo na leƙa motar kayanmu, allunan ba sa ciki. Mai Kwalliya tana zaune a kan akwati, ta haɗa kai da gwiwa. Darakta yana kakkaɓe ƙura daga wandonsa.

Sifeto ta iso sha ɗaya saura kwata, da 'yar motar ofis, da na'urar awon ƙara a rataye a wuya. Na san ta tun tana sabuwar ɗauka tana bin manya da fayil. Mace ce da ba ta ɗaga murya kuma ba ta karɓar ko ruwan sanyi a wurin aiki.

"Baba Takarda, kai ne kuma?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Ta fara da janareto, kamar yadda ta saba. Ta ɗaga na'urar, ta duba, ta gyaɗa kai. "Wannan ka yi dabara." Ta ƙirga motoci, ta duba gefen da suka tsaya. Ta je ƙofar shagon ta auna injin zarton, ta ɗaga gira.

"Saura ƙiris ya wuce, amma bai wuce ba."

"Na auna da kaina," in ji Auta daga ciki. "Ni ba na aiki da ka."

Sannan ta dubi sandunan. "Ina alluna?"

Na nuna mata hotunan Talata. Auta ya fito ya nuna mata na safiyar yau. Ta ce to, an ɗaure kam, kuma an cire kam, saura wanda ya cire.

Darakta ya matso da muryarsa ta taro. Ya ce shi dai ba ya son zargin kowa, amma tun safe bawan Allahn nan yake nuna musu ƙiyayya, kuma abin mamaki ne mutum ya san allo zai ɓace har ya shirya waya yana jira. Ya ce wani daga cikin ma'aikatansa kamar ya ga wani abu ruwan ɗorawa a lungun baya.

"Ku duba," in ji Auta, yana dariya. "Ku duba har ƙarƙashin gado."

Muka zagaya. A bayan tarin katako, jingine da bango, ga alluna goma sha biyu a jere, fuskarsu na kallonmu.

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba. Ya dubi allunan, ya dubi Sifeto. Ya koma ciki da sauri ya kashe injin, ya dawo. Layin ya yi tsit, har ana jin tsuntsaye. Can na hango mai ɗaukar sauti yana mayar da abin kunnensa, mutumin banza, ko a nan aikinsa yake tunani.

"Ranki ya daɗe, ban taɓa su ba. Wallahi ban taɓa su ba."

"A filinka suke, Malam."

"Lungu ne, kowa na iya shiga!"

"Kowa na iya shiga," ta ce, ta buɗe littafinta. "Amma kai ne ka kira, kai ne ka ajiye mota, kuma a bayan katakonka suke. Ka san shagon nan da wace takarda yake aiki?"

Ya sani. Matarsa ta fito ta tsaya a ƙofar baya, ta kama bakin zaninta ta rufe baki.

Sifeto ta juyo gare ni. "Baba, kai ne mai kati. Mutanenka sun taɓa allunan nan?"

Ba sai na yi ƙarya ba, wannan shi ne abin. Na shekara talatin ina magana da ma'aikatan hukuma, na san inda ake taka ƙafa. In ce, "Ina wurin janareto, ban ga komai ba," gaskiya ce tsantsa. Ta rubuta, a kira motar janye mota, a sa kwaɗo, kafin sha biyu jarumi ya tako ya yi maganarsa, ni kuma in koma gida da katina a aljihu.

Sai Auta ya dube ni. Ido cikin ido, karo na farko cikin shekara tara.

"Faɗa mata mana, Yaya," ya ce. Bakin na nan da dafinsa. "Ai ka iya. Komai naka bisa izini ne. Ka gama da tsohuwa, ka zo ka gama da ni. Faɗa mata."

Ba roƙo yake yi ba. Jira yake. Tsoro na nan a idonsa, amma a bayan tsoron akwai wani abu kamar na mai yunwa da ya ji ana kwashe tukunya. Yana so in yi. Zai rasa shagon, amma zai sami abin da zai zauna a bakin ƙofa yana nuna wa duk mai wucewa har ranar da za a ɗauke shi: kun gani, ai na faɗa muku ko wane ne shi.

Zan so in ce tausayi ne ya kama ni, ko fuskar matarsa. Wataƙila akwai wannan a ƙasa, ban tona ba. Abin da na ji a sama shi ne, wallahi ba zan ba shi ba.

Na san masu kwalliya. Ba sa ɗaga ko cokali daga wuri sai sun manna masa 'yar farar takarda mai gam sun rubuta inda suka ɗauko shi, don a mayar daidai. Darakta cikin gaggawarsa bai san da wannan ba, shi fuskar abu kawai yake gani.

"Ranki ya daɗe, juya ɗaya ki duba bayansa."

Ta juya na farko. Ga farar takarda, ga rubutu mai kyau da baƙin biro. Ta karanta a fili: "Sanda ta shida, dama, gaban kafinta." Ta juya na biyu. "Sanda ta uku, hagu." Ta juya na uku ba ta karanta ba. Ta dubi Darakta tsawon lokaci, shi kuma ya sami abin kallo a takalminsa.

"Mutanena ne suka sauke," na ce. "Yarinyar ba ta san doka ba, ni ne ban gaya mata ba. Yadda suka zo lungun nan kuma, ban tsaya na gani ba, amma ban hana ba."

"Ka san abin da wannan yake nufi, Baba?"

"Na riga ki sani."

Ta ciro jan biron. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ja lokaci ba. Ta rubuta, ta miƙo hannu. Na ciro katin daga aljihun gaba, ya ɗan manne da zufa, na ba ta. Ta sa shi a cikin fayil ta rufe.

"Awa ɗaya na ba ku, layin nan ya zama babu motarku ko ɗaya. Kai kuma," ta nuna Darakta da biron, "gobe ƙarfe tara ina son ganinka a ofis, ka zo da bayanin lungun nan."

Tana juya baya ya fashe. Ya ce na kashe masa rana, na kashe masa fim, tsohon banza mai cin amana, da ya sani da bai ɗauko ni ba. Ya ce zai tabbatar ban ƙara aiki da kowa a harkar nan ba.

"Ai ta riga ka," na ce. "Je ka naɗe wayoyinka."

Saura fitar da motoci. Da motar Auta ba ta nan, akwai ɗan fili a gaban shagon aski da za a iya juyawa da ƙyar. Na same shi yana ɗaga allunan daga lungunsa yana jefowa titi ɗaya-ɗaya.

"Ka matsar da motar su juya su tafi."

"Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka."

"Ban kawo maka wanki ba. Mota na ce ka matsar."

"Ba inda za ta."

"Ko don ka rabu da mu?"

"Ku fita yadda kuka ga dama. Ni a ƙofar gidana nake."

Matarsa ta ce, "Haba, ko ruwa ba za a ba Yaya ba? Dubi yadda yake zufa."

"Ki ba shi," ya ce, yana shiga shago. "A kofin baƙi."

Na sha, na gode mata. Sannan na je bayan motar farko na ɗaga hannu. Da baya za su fita, duk huɗun, tsawon layin nan, tsakanin bango da bango da tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Babu wanda ya iya wannan sai ni, kuma babu wanda ya roƙe ni. Na yi ta tafiya da baya ina kaɗa hannu, dama kaɗan, tsaya, miƙe sitiyari, taho, taho, gwiwata tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In na fitar da ɗaya in koma in ɗauko wata. Ko bango ɗaya ba mu goga ba. Ta ƙarshe ta hau babban titi saura minti shida awar ta cika.

Direban ya leƙo ta taga yana share wuya. Bai ji abin da ya faru a lungu ba, yana barci a mota lokacin.

"Baba, gobe ƙarfe nawa, kuma a ina?"

"Ka tambayi mai kati," na ce.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ja motarsa, ni kuma na tsallaka titi na tsaya jiran bas.